Ranar da Injiniya Biri Ya Buɗe Famfo

An yi wani biri a wani ɗan ƙauye mai suna Batu Kuniang, can cikin tsaunukan tsibirin Sumatra na ƙasar Indunusiya. Ƙauyen bai fi gida arba'in ba. Gonakinsu na shinkafa a jikin tudu suke, hawa-hawa kamar matakala, ruwa ya cika ta sama sannan ya zubo wa ta ƙasa. Hanya ɗaya ce tak ke shiga garin, ita ma in aka yi ruwan sama ko babur sai an tura.

Shi wannan biri a dajin bayan ƙauyen aka haife shi, amma tun yana ƙarami wani mai wasa da dabbobi ya kama shi ya tafi da shi birni. Shekara shida yana hawa ɗan keke a bakin kasuwa, yana riƙe da lema, jama'a na tafi. Ranar da ya gantsara wa wata 'yar kallo cizo a yatsa, mai shi ya kore shi. Da ya dawo gida kuwa ba haka ya faɗa ba. Cewa ya yi ya yi ritaya.

Abu biyu ya dawo da su daga birni: wata jar falmaran da ba ta da maɓalli ko ɗaya, da baki wanda ba ya gajiya.

A ƙauyen akwai Bauna. Ba irin ta daji ba ce, ta noma ce, ita ke jan garma cikin taɓo daga safe har rana ta take. Haƙuri gare ta, kuma sai ta yini ba ta ce uffan ba. Akwai kuma tsohuwar Agwagwa, uwar garken agwagi talatin da ake sakawa cikin gonaki su tsince dodon-koɗi mai cin dashen shinkafa. Ita kam duk maganar da Bauna ta ƙi yi, ita ke yi mata.

A wannan shekara ruwan sama ya yi jinkiri. Abin da ya rage wa ƙauyen shi ne wani tafki a saman tudu, wanda kakanninsu suka datse da ƙasa da duwatsu. Ƙofarsa katako uku ne, ɗaya kan ɗaya, an tokare su da wani guntun itace. Wani dattijo mai suna Pak Jamaris shi ke rabon ruwan; a yarensu Pak ake kiran duk babban namiji, Mak kuma babbar mace. Kullum da safe sai ya hau, ya auna da sandar gora, ya ɗaga katakon sama kaɗan, ya sakar wa masu rabon ranar, sannan ya mayar. Kowace gona da ranarta. Gonar ƙasa, inda agwagi ke kiwo, sai Lahadi.

Wata rana, ranar Alhamis, Biri ya sauko ya zauna a kan kunyar gona, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, yana kallon Bauna na fama da garma.

"Sannu da wahala, Yaya Bauna," in ji shi. "Har yanzu kuna nan kuna cakuɗa taɓo da ƙafa? A birni ko kare ba ya taka laka."

Bauna ta kaɗa kunne, ta ci gaba da tafiya.

Agwagwa ta ɗago kai ta ce, "To me ya dawo da kai cikinmu, tunda can ya fi?"

"Tausayi, Gwaggo. Tausayinku ne ya dawo da ni. Dubi gonarku, ta fara tsagewa kamar ƙafar tsohuwa, ga ruwa can sama yana kwance yana barci, ku kuma kun zuba ido kuna jiran Lahadi. Wannan wane irin duhun kai ne?"

"Sunansa rabo," in ji Agwagwa. "Kowa da ranarsa. Da haka tafkin ke kai mu har ruwan sama ya sauko."

Biri ya kwashe da dariya har ya faɗa da baya. "Rabo! A birni babu rabo. Akwai abin da ake kira famfo. Ka murɗa, ruwa ya zo. Ka sake murɗawa, ya tsaya. Ni da hannun nan nawa na murɗa famfo ya fi sau dubu."

Gaskiyar magana, sau ɗaya ya taɓa murɗawa, shi ma duka ya sha a kai. Amma samarin agwagi ba su san haka ba. Kwana huɗu ke nan ba su yi iyo ba, gashinsu ya yi buzu-buzu. Suka matso suka kewaye shi.

"Kawu Biri, za ka iya kawo mana ruwa kafin Lahadi?"

"Gobe ma. Amma ku daina ce mini Kawu. Daga yau sunana Injiniya."

"Injiniya! Injiniya!" suka ɗauka baki ɗaya. Biri ya ji wani daɗi ya ratsa shi tun daga kai har ƙarshen wutsiya. Rabonsa da jin irin wannan tun kwanakin keke da lema.

Agwagwa ta buga fiffike ta ce, "Ku rufe mini baki, marasa tunani! Kai kuma, Injiniyan ayaba, ka taɓa ganin yadda tsohon nan ke buɗe ƙofar?"

"Ina ruwana da ganinsa? Mutumin da bai taɓa hawa mota ba zai koya mini ruwa?"

Sai a nan Bauna ta tsaya. Ta juyo da ƙaton kanta a hankali ta ce, "Ruwan nan yana da nauyi."

Biri ya jira ƙarin bayani. Babu. Bauna ta ci gaba da jan garmarta.

"Kun ji ilimin ƙauye!" in ji Biri. "Wai ruwa yana da nauyi. Abin da ake sha!"

Washegari Juma'a. Da rana ta take aka buga ƙatuwar gangar masallaci, wadda suke bugawa kafin kiran salla. Maza duk suka ajiye fartanya suka wanke ƙafa suka tafi. Mata na cikin gida suna girki. Tudu ya zama babu kowa.

Biri ya gyara falmaran, ya hau tudu, samarin agwagi na tsaye can ƙasa suna miƙa wuya. Da ya isa bakin tafki sai ya ga ƙofar ba ta yi kama da famfo ba ko kaɗan. Babu abin murɗawa. Katako ne kawai baƙi, jiƙaƙƙe, da gansakuka a jiki. Ya ɗan ja da baya. Ya waiga, ya hango agwagi na kallonsa, ya ga komawa ba ta yiwuwa.

Ya sauka cikin magudanar, ya tsaya daidai gaban ƙofar, don a gan shi sosai daga ƙasa. Ya ga guntun itacen da aka tokare katakan da shi, ya ce a ransa, "Yawwa, ga famfon 'yan ƙauye." Ya kama ya murɗa hagu, bai motsa ba. Ya murɗa dama, bai motsa ba. Ya tofa yawu a hannu, ya kafa ƙafa, ya fizga da duk ƙarfinsa.

Itacen ya fito. Katakai uku suka biyo shi. Tafki ya biyo katakai.

Biri bai samu damar ko ihu ba. Ruwa ya sure shi ya maka shi a gona ta farko, ya cika masa baki da laka. Kunyar gonar ta fashe, ya gangara ta biyu da kai. A ta uku falmaran ta juye ta rufe masa fuska. A ta huɗu katako ɗaya ya riske shi ya gaisa da ƙeyarsa. Sauran kuwa bai ƙirga ba, sai dai daga baya ya ji an ce bakwai ne.

Samarin agwagi da suka ga ruwa na zuwa sun fara ihun murna. Da suka ga irin ruwan, jajawur, yana ɗauke da dashe da duwatsu da Injiniya, sai kowa ya kama gabansa.

A can gindin tudu ruwan ya tofar da Biri cikin ramin taɓon da Bauna ke kwanciya. Ya nutse har wuya. Bauna ta dube shi, sannan ta sa ƙaho ta ɗago shi ta yar a kan ciyawa.

Biri ya yi tari, ya amayar da laka da wani ɗan kwaɗo. Da ya samu numfashi, ya ce, "Gwaji ne."

"Gwaji?" in ji Agwagwa, tana tsaye a kansa. "To madalla. Yanzu sai ka tashi ka je ka sake murɗawa ya tsaya."

Biri ya ɗaga kai ya dubi tudu. Ruwan har ya fara ragewa da kansa, don babu sauran abin zubowa. Ruwan da zai kai ƙauye wata guda ya tsiyaye cikin kogin da ke can ƙasan kwari kafin liman ya sallame.

Mata suka fito suna ƙwanƙwasa kututturen gora na gangami. Maza suka fito daga masallaci a guje, wasu ko takalmi babu. Pak Jamaris ya hau ya tsaya bakin tafki yana kallon kifaye na tsalle cikin taɓo. Wata mata mai suna Mak Rosna, wadda gonakinta biyu ne na farko a ƙarƙashin ƙofar, ta durƙusa tana tsince dashen da ita da mijinta suka kwana takwas suna dasawa.

"Pak, wa ya yi mana wannan?" ta tambaya tana kuka. "Me muka yi masa?"

Ba a sha wahalar bincike ba. Biri na kwance a gindin tudu, guntun itacen har yanzu yana damƙe a hannunsa, don tsoro ya hana yatsunsa buɗewa.

Wani manomi ya ɗaga adda. Biri ya juya wajen samarin agwagi yana neman mai shaida. "Ku gaya musu ku kuka roƙe ni!"

Babbansu ya dubi gefe ya ce, "Mu? Yau muka fara ganinka."

Mak Rosna ce ta tare mai addar. Ta share hawaye da gefen zani ta ce, "Bar shi, Pak. Naman biri ba zai dawo mini da shinkafa ba. Mijina bayansa ya hana shi hawa itace, ga kwakwata ashirin tana bushewa a sama. Ku ba ni shi."

Aka ba ta shi, da doguwar igiya a ƙugu.

Ƙauye ya yi gayya kwana tara. Maza suka ɗinke kunyoyin da suka fashe, mata suka riƙa ɗauko ruwa a bokiti daga kogi suna hawa tudu da shi don ceto abin da ya rage. Bauna ta sake nome gona huɗu da ta riga ta nome. Ruwan sama bai sauko ba sai bayan mako biyu. A wannan shekara rogo aka fi ci a Batu Kuniang, shinkafa sai ranar biki. Da kiwo ya yi ƙaranci, mai agwagi ya zaɓi goma ya kai kasuwa a kwando, kuma ya fara da waɗanda suka fi ƙarar murya.

Biri kuwa kullum da hantsi yana saman kwakwa. In ya kama ɗanya, Mak Rosna ta fizgi igiya har hanjinsa ya kaɗa. In ya kama busasshiya, sai ya yi ta juya ta da hannu da ƙafa har ta tsinke ta faɗo. In ya gama nata, maƙwabta su ara. Tafin hannunsa ya yi kanta, tururuwa ta san ɗanɗanon duk gaɓoɓinsa.

Wata yamma an ɗaure shi a turke kusa da garke, sai ga Bauna ta dawo daga gona. Biri ya ɗaga igiyarsa ya nuna mata, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Dubi yadda suka mayar da ni, Yaya. Ke ma ai kin san zafin igiya, ga ta nan a hancinki. Mu biyu duk ɗaya muke."

Bauna ta tsaya har mai ita ya zo ya zare igiyar daga hancinta ya rataye. Sannan ta dubi Biri ta ce, "A'a. Ni in yamma ta yi ana kwance ni, don babu wanda ke tsoron abin da zan yi."

Ta wuce ta shiga kogi abinta.

Darasin wannan labari shi ne, yara, kada ku raina tsarin da kuka tarar mutane suna rayuwa a kansa tun ba ku tambayi dalilinsa ba. Ganin abu a wani wuri ba shi ne iya shi ba, kuma laƙabin da mutum ya raɗa wa kansa ba ya ƙara masa sani. Mai girman kai in ya yi ɓarna ba shi kaɗai ke sha ba, har waɗanda ba su ji ba su gani ba sai ta shafe su. Masu yi masa tafi kuma su ne farkon cewa ba su san shi ba.