Littafin da Aka Ɗinke da Fata

An yi wani mutum a ƙasar Bakura, manomin shinkafa, tun mu Kirista muna sujada a ɗakin jinka, muna zama a kan tabarmi. Kai, zamani ke nan! Ba mu kai gida goma ba, amma in muka ɗaga waƙa har masu wucewa kasuwa sukan rage tafiya.

Mutumin nan Allah ya ba shi murya. Kowace safiya, kafin a ɗauki fartanya, yakan shimfiɗa buzu ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta wa iyalinsa. Maƙwabtansa Musulmi sun san lokacin, ba mai yi masa sallama sai ya rufe. Matarsa Lantana ba ta iya karatu ba, amma ta haddace Zabura da yawa daga bakinsa. Ɗansu ɗaya tak, an daɗe ana jiransa, shi ya sa aka sa masa Nagode. Wannan ɗa shi ne duniyarsa.

Wata shekara gulbi ya cika ya cinye rumbunan mutane, ya bar nasa. Da ya duba, ashe ya manta Littafin a cikin rumbun. Maimakon ya gode wa Mai Littafin, sai ya ce Littafin ne ya tare ruwa. Ya kai shi Maradun wurin baduku, aka ɗinke shi da jar fata ta kowane gefe, aka sa masa igiya kamar laya. Ya rataye shi a ƙofar ɗaki.

Lantana ta ce, "Maigida, to mi za mu ji da safe?"

Ya ce, "Ke dai bar shi. Yana aikinsa daga nan."

Daga ranar buzu ya koma bayan ƙyaure. Na je na yi masa magana har na gaji, sai ya nuna mini buhunan shinkafa. Nagode kuwa ya tashi yana ganin ana shafa fatar nan in za a fita, ana ɗaura ta a keken shanu ran kasuwar Talata Mafara. Bai taɓa ganin cikinta ba.

Ya zama saurayi, ana shirin aurensa. Wata damina shanun huɗarsu suka maƙale a tsallaken gulbi, ruwa na ta hauhawa. Ɗan Juma mai kwalekwale ya ce, "Yaro, wanga ruwa ba na shiga ba ne. Bari sai gobe." Nagode ya yi dariya, ya ruga gida ya ciro Littafin, ya rataya a wuya, ya faɗa ruwa. Sarkawa masunta ne suka tsamo gawarsa washegari, igiyar na wuyansa.

Ya 'yan uwa, me ke rubuce a cikin abin da yaron nan ya rataya? Akwai inda aka ce kada ka gwada Ubangiji Allahnka. Maganar tana kan ƙirjinsa, amma ba ta taɓa shiga kunnensa ba. Wa ya ɗinke ta? Ubansa, da kuɗinsa.

Bayan zaman makoki tsohon ya sa wuƙa ya farke ɗinkin, ya shanya takardun a rana ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai su kusa da fuska, ashe yanar ido ta riga ta rufe shi. Ya zo wurina da sanda ya ce, "Malam, karanta mini abin da na hana ɗana ji."

Ku da kuke ajiye naku a ƙarƙashin matashi, ko a gaban mota yana shan rana, ku ji ni da kyau. Allah bai aiko mana da laya ba, magana ya aiko, don a karanta, a ji, a bi. Ku buɗe wa 'ya'yanku tun idonku na gani.

Allah ya kiyaye mu da rufe abin da ya buɗe mana, ya sa 'ya'yanmu su ji muryarsa daga bakinmu. Amin.