Mahfuzu Mai Turare da Pomp ɗin Fati

Akwai wani ɗan kasuwa a nan Garwa, sunansa Mahfuzu, turare yake sayarwa a babbar kasuwa. Na fesa, na shafa, na wuta, duk yana da su. Kakanninsa fatauci ya kawo su daga Kano, shi kuma a unguwar Yelwa aka haife shi. Mutumin kirki ne fa, kar ku ɗauka mugu ne. Matsalarsa ɗaya ce: in ya ce ya san abu, to ya sani ke nan, ko kai waye sai dai ka yi shiru.

Yana da 'ya guda, Fati, 'yar shekara biyar. Wallahi jama'a son da yake wa yarinyar nan har maƙwabtan shagonsa na masa tsiya, wai Fati ce mai gidan, shi yaron shago ne.

To Fati tana da asma, abin da tsofaffinmu ke ce wa fuka. Wata rana abin ya taso mata, ƙirji na ƙara kamar ana busa usur. Matarsa Hidaya cikinta ya tsufa, ko tafiya da ƙyar take yi, don haka shi kaɗai ya ɗauki yarinyar zuwa asibiti, ɓangaren irjans, inda ake karɓar masu ciwon gaggawa.

Aka taimaka mata, numfashi ya dawo. Likita ya rubuta maganin shaƙa, ɗan ƙaramin abin fesawa ɗin nan da muke ce wa pomp. Kafin a sallame su sai wata ma'aikaciyar jinya ta tsayar da shi. Sunanta Solange, 'yar Kaele ce, Hausarta ta kasuwa ce amma ana ganewa tsaf.

Ta ɗauko gorar ruwa ta roba, wankakkiya, an huda gindinta daidai bakin pomp.

"Baban Fati, zauna kaɗan in nuna maka. Yaro ƙarami ba ya iya ja daidai lokacin da aka danna. Sai da gora. Ka girgiza pomp tukuna, ka sa shi a nan, ita kuma ta kama bakin gora da leɓenta..."

Mahfuzu ya yi dariya.

"Madam, kin san sana'ata kuwa? Tun ina yaro nake fesa abu. Turare mai kyau ba a girgiza shi, lalacewa yake. Kuma ba a manna shi a jiki, ana ba shi ɗan nisa ne don ya bazu."

"Wannan ba turare ba ne, Baban Fati. Ba a so ya bazu, huhu ake so ya shiga."

"Fesa dai fesa ce. Kuma 'yata ba za ta sa baki a gorar da aka tsinto ba."

"Ba tsinto ta aka yi ba, ni na wanke ta da hannuna. In ba ka so, akwai ta farmasi, aikinsu ɗaya. Minti kaɗan kawai, ka gwada a gabana."

"Na bar shago a buɗe."

Ta dai tura masa gorar a hannu. Ya karɓa don kunya. Suna fitowa ƙofar asibiti, kafin su hau moto, wato babur ɗin haya, ya jefa ta a kwandon shara.

Da ya koma gida Hidaya ta ce, "Me suka ce? Yaya ake yi da shi?"

"Abu mai sauƙi. Fati, buɗe baki."

Yarinya ta wangale baki, ya tsaya da ɗan nisa, fis, fis, fis, kamar yana gwada wa kwastoma sabon turare. Haka ya koya wa Hidaya, ita ma haka ta riƙa yi. Kun ga laifinta? Babu. Abin da aka nuna mata ke nan.

Tarin Fati bai taɓa barinta sosai ba, amma da yake abin bai yi tsanani ba, sai suka ɗauka haka ciwon yake.

Ana nan Hidaya ta haihu, namiji. Ranar suna Mahfuzu ya ce gidan mai turare ne, dole kowa ya tafi da labari. Ya kwaso turaren wuta mafi tsada a shagonsa. Kasko a ɗakin mai jego, kasko a falo, kasko a zaure. Ga hayaƙin itace daga inda ake dafa shinkafa, ga zafin Garwa da kuka sani, iska ko kaɗan ba ta motsi. Mata sun cika gida, har daga Bibemi an zo.

Fati na ɗakin uwarta, ta ƙi matsawa daga wurin ƙaninta.

Bayan azahar Hidaya ta lura yarinyar ta yi shiru. Ta zauna a gefen gado ta dafa gwiwa, kafaɗunta na ɗagawa suna sauka. Fatar tsakanin haƙarƙarinta na lotsawa ciki duk jan da ta yi.

"Fati? Fati, yi mini magana!"

"Um... ma..." Ko kalma ɗaya ta kasa haɗawa.

Aka kira Mahfuzu daga zaure. Ya shigo da babbar riga, ya kwantar da ita a gado, ya ce buɗe baki. Fis, fis, fis, fis. Ba abin da ya canza. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Maganin na tashi a iska yana haɗuwa da hayaƙin kasko.

"Jabu suka ba ni!" ya ce. "Wallahi jabu ne!"

Hidaya ta ce, "Baban Fati, dubi leɓenta."

Leɓen ya fara canza launi, ya yi duhu.

Ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya saɓa ta a kafaɗa, ya tare mai moto a bakin layi. Duk hanya yana jin ƙirjinta a jikin nasa, kuma abin da ya fi ba shi tsoro, ƙarar usur ɗin nan ma ta fara raguwa. Ba don ta samu sauƙi ba. Iskar ce ta kusa daina shiga.

Allah ya sa Solange ce a bakin aiki. Yana shigowa yana ɗaga pomp sama.

"Maganinku ba ya aiki! Na fesa, na fesa..."

Solange ta taho da sauri. Ta karɓi yarinyar, ta zaunar da ita tsaye, ta ƙwala wa likita kira, aka sa mata iskar oksijin a hanci. Sannan ta zare pomp ɗin daga hannunsa, shi dai wanda ya ce jabu ne, ta girgiza shi sosai, ta cusa a gindin wata gorar.

Sai dai Fati ta firgita. Fararen kaya, wayoyi, baƙin fuskoki. Duk lokacin da Solange ta kawo gorar sai ta kau da kai ta ture, tana miƙa hannu wajen ubanta. Kuma duk turewar nan ɗan ƙarfin da ya rage mata take ƙonawa.

Likita ya ce a shirya allura, amma a ci gaba da gwada gorar, ita ce mafi saurin kai magani huhu.

Solange ta juyo. "Baban Fati, ba ta yarda da hannuna ba. Naka ta sani. Zauna, ɗora ta a cinya. Kai za ka ba ta."

Jama'a, nan ne fa. Mutumin da bai taɓa cewa bai san abu ba, ga gora a hannunsa, ga 'yarsa na kallonsa da idon da ke neman rufewa.

"Madam... ban iya ba."

"Na sani. Yanzu za ka iya. Bayanta ya jingina da ƙirjinka, kar ta kwanta. Yawwa. Ka ce mata ta kama bakin gora, leɓe ya rufe, kar iska ta fita ta gefe."

"Fati, uwata, kama. Baba ne. Kama mini."

Ta kama.

"Danna sau ɗaya. Ɗaya kawai!"

Ya danna, yatsansa har ya tafi zai ƙara, Solange ta riƙe masa hannu.

"A'a! Dusman, a hankali. Maganin yana cikin gora, ba inda zai je, jiranta yake. Bar ta ta ja. Ƙirga mata numfashi shida."

Ya fara ƙirgawa. Ɗaya. Biyu. Kowane ja kamar ana zaro shi daga rijiya. Da ya kai shida Solange ta ce, "Cire pomp, sake girgizawa. Mayar. Danna ɗaya. Ƙirga."

Haka suka yi ta yi, iya adadin da likita ya faɗa. Girgiza, danna ɗaya, ƙirga. Babbar rigar sunan ta jiƙe sharkaf da gumi. Bai san lokacin da ya fara haɗa ƙirgar da salati ba.

Can sai ƙarar usur ta dawo. Ya ɗago a tsorace.

"Kar ka ji tsoro," in ji Solange. "Iska ce ta samu hanya."

A hankali kafaɗun suka daina ɗagawa. Leɓen ya fara washewa. Likita ya sa abin sauraro a bayanta, ya daɗe yana ji, sannan ya ce za a kwantar da ita a sa mata ido, amma mafi munin ya wuce. Ya ƙara da cewa da an ɗan ƙara jinkiri, da wata maganar ake yi.

Mahfuzu yana zaune ƙafa ba takalmi, yarinyar a cinyarsa.

Solange ta dawo da kofin ruwa. "Za a ba ku wani pomp na kullum, in ta gama shaƙa shi, ta kurkure baki. Kuma kasko ya bar ɗakin da take kwana. Maman Fati in ta samu ƙarfi ka kawo ta, ita ma ta gwada a gabana."

"Zan kawo ta. Madam, ki yi haƙuri da..."

"Bar shi. Ba kai ne na farko ba. Sake nuna mini yadda za ka yi a gida."

Ya nuna. Ta gyara masa riƙon. Ya sake nunawa.

Wajen la'asar Fati ta buɗe ido sosai. Ta kalli gorar, ta kalli ubanta.

"Baba."

"Na'am, uwata."

"Wannan ba ɗaci."

"Wanne?"

"Na gora. Wanda kake fesa mini a gida duk a harshe yake tsayawa. In ka juya baya sai in tofar."

Mahfuzu ya tsaya yana kallonta. Duk tsawon lokacin nan, duk fesawar da ya yi da wadda ya sa uwarta ta yi, ashe a ƙasan ɗaki maganin ke ƙarewa.

Ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe fuska. Fati ta sa ɗan hannunta tana ja, tana cewa, "Baba, ba zan ƙara tofarwa ba."

Darasi: Iya sana'arka ba shi ne iya komai ba, kuma girman kai a gaban ma'aikacin lafiya yaro ne ke biyan sa da numfashinsa. In an ba ɗanka maganin shaƙa, kar ka bar asibiti sai ka gwada a gabansu sun ce ka yi daidai: a girgiza, a sa a gora, yaro na zaune, danna ɗaya, a bar shi ya ja, sannan a sake. In ka ga haƙarƙari na lotsawa, ko yaro ya kasa magana, ko leɓe ya yi duhu, kar ka tsaya komai, asibiti kai tsaye. Don Allah 'yan uwa ku tura wannan ga duk iyayen da kuka san suna da yaro mai asma, wataƙila akwai gidan da har yau ake fesawa kamar turare. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.