Sunan Wa Za a Raɗa wa Ɗan Jazuli?

Ku kife wayoyinku ku saurara, ko da yake labarin nan ma a cikin waya ya faru.

A Gombe akwai wani matashi Bafulatani, Jazuli, wanda sana'arsa buga ƙwallon bidiyo ce, jama'a suna kallonsa kai tsaye ta intanet. Akwai waɗanda suka fi shi iya wasan, amma ba wanda ya kai shi baki. Yana bugawa yana yi wa 'yan wasansa kirari, yana tsokanar abokin karawa, har masu shayi kan jingina waya a jikin gwangwanin madara don a kalle shi. Da wannan ya yi aure, da shi yake ciyar da gida.

Wata rana ya kara da wani Babarbare daga Maiduguri mai suna Kyari. Kun san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari: wasa ne tun na kakanni, kowa na kiran ɗaya bawansa, kuma ba a fushi. Da Jazuli ya zura ƙwallo sai ya ce, "Durƙusa, bawana! Kakanka ma da ƙwaryar nono kakana ya saye shi." Kyari ya tuntsire da dariya. Abin da Jazuli ya manta shi ne ba a zaure yake ba. Wani ya yanko wannan guntun, ya zubar da dariyar Kyari, ya fassara shi da Turanci, ya sake shi ga mutanen da ba su taɓa jin wannan al'ada ba. Aka ce ya zagi ƙabila guda. Masu dandalin suka rufe shafinsa, masu ba shi talla suka janye, ga matarsa da tsohon ciki.

Na farko da ya taimake shi yayansa ne, Sa'adu, malamin makaranta, wanda tun farko yake ganin wasan nan ɓata lokaci ne. Ya tarar da Jazuli ya ɗauki bidiyon martani, cike da ashar, yana shirin turawa ta shafin wani aboki. Ya fizge wayar ya saka a aljihu. Jazuli ya ce, "Hamma," wato yaya da Fillanci, "ba ni wayata." Sa'adu ya ce, "In ka huce ka zo ka karɓa." Jazuli ya daina gaishe shi. Da Sa'adu ya ƙyale shi ya tura, da sana'ar da ya tsana ta mutu ba tare da ya ɗaga yatsa ba. Bai ƙyale shi ba.

Na biyu Kyari ne. Rikicin ya amfane shi, don masu tausaya masa sun cika shafinsa, wasu har suna zuga shi ya kai ƙara. Ya fito ya ce wasa ne, aka ce tsoro ne ya kama shi. Sai ya hau mota ya taho Gombe, ya yi sallama a ƙofar gidan yana cewa, "Ina Bafulatanin nan? A ce masa ubangijinsa ya iso, ya kawo ruwa." Ya san in ya zauna kusa da Jazuli a gaban kyamara, waɗanda suka taru don tausayinsa za su watse, wasu ma su ce ya sayar da mutanensa. Haka kuwa aka yi daga baya.

Sai dai ba su da inda za su zauna a gan su. Shafin Jazuli a rufe yake, na Kyari kuwa an daina yarda da shi. Nan na uku ya shigo, Sagir, abokin hamayyar Jazuli, wanda ba sa ga maciji da juna, kuma wanda ya gaji yawancin masu kallonsa. Shi ya buɗe musu shafinsa, yana sane da cewa za a iya rufe nasa, kuma in Jazuli ya dawo jama'a za su koma inda suka fito. A nan aka ga Bafulatani da Babarbare a tabarma ɗaya, suna shan fura, kowa na iƙirarin shi ya mallaki ɗaya. Aka buɗe shafin Jazuli, masu kallo suka koma gare shi, Sagir ya koma yadda yake a dā.

Ba a jima ba matar Jazuli ta haifi namiji. Ya yi niyyar yi wa wanda ya cece shi takwara. Safiyar suna ta yi, an raba goro, su ukun suna zaune a tabarma, liman ya karkato da kunnensa yana jira.

Da ba Sa'adu, da bakin Jazuli ya gama da shi kafin kowa ya iso. Da ba Kyari, ba mai shaida. Da ba Sagir, ba inda za a ji shaidar. To, ku da kuke zaune, sunan wa ya kamata Jazuli ya raɗa wa liman?