Manyan Karfasar Tafkin Arzika

Akwai wani magidanci a wani ƙauye kusa da Furfuri, ana ce masa Arzika. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa tafki a bayan gona, wanda ko da rani ba ya ƙafewa. Karfasar da ke cikinsa kuwa, wata sai ka sa hannu biyu kafin ka ɗaga ta.

Ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Lantana, ita ke bandar kifin gidan tun tana matashiya. Ita ta ga yadda marigayin yake yi: in taru ya fito, sai ya tsince manya-manyan ya mayar ruwa, ya ɗebi matsakaita.

Arzika bai ga hikimar hakan ba. Ya samu masu gidajen abinci a Sabon Gari, cikin Gusau, waɗanda babban kifi kaɗai suke so. Sai ya sayo taru mai manyan idanu, ƙanana su zurare, manya su maƙale.

Ranar da Gwaggo ta ga kwandunan farko, ta daɗe tana kallo.

"Arzika, waɗannan ai iyayen tafkin ne. Ka mayar da ko rabi."

Ya yi dariya. "Gwaggo, ƙananan da na bari ai za su girma. Ke dai ki tsaya wajen bandarki, harkar kasuwa ba taki ba ce."

A gaban mutane ya faɗa. Ta ja zanenta ta koma gida.

Shekaru huɗu abin yana tafiya. Ya sayi babur, ya yi wa ɗakin matarsa Indo rufin kwano. Daga nan sai taru ya fara fitowa babu nauyi. Ya sauya zuwa mai ƙananan idanu. Da shi ma ya daina kamu, ya sake rage girman idanun.

A shekara ta tara, wata safiya Indo tana gyaran kifi a tsakar gida, sai ta kira shi.

"Malam, zo ka gani."

Karfasa ce da ba ta kai tsawon yatsansa ba, amma cikinta cike da ƙwai. Ta yanka ta biyu, ta uku. Duk haka suke.

Ya zuba 'yan kaɗan a roba ya nufi Gusau, wajen Malam Zakari, wani dattijo da ya yi aikin kula da kiwon kifi har ya yi ritaya.

Malam Zakari ya juya su a tafin hannu, ya saurari labarin duka.

"Kifi ba ya samun abu biyu a lokaci ɗaya," in ji shi. "Abincin da ya ci, ko ya gina jiki da shi, ko ya yi ƙwai. Wani yakan jinkirta haihuwa ya girma tukuna, sannan ya zuba ƙwai masu yawa. Wani kuma da wuri yake haihuwa, ya tsaya ƙarami. Kai ka kwashe masu jinkirin. Masu gaggawar su suka haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka gado su, suka cika tafkin har abinci bai isa ba."

"To, a ba ni magani, Malam."

"Ba ciwo ba ne, balle a ba ka magani. Sai ka rage su, ka nemo wani iri, ka jira. Shekara nawa, ban sani ba."

Masu gidajen abinci suka koma wajen wasu. Arzika ya sayar da babur, ya fara lodin kaya a tashar Bungudu.

A daminar nan Gwaggo ta kwanta rashin lafiya. Ba ta iya cin komai. Da ya je gaishe ta, ta ce, "Romon babbar karfasar tafkinmu nake marmari. Ɗaya tak."

Ya kasa gaya mata. Wuni guda yana cikin ruwa yana jan taru, daga wannan baki zuwa wancan. Babu. Washegari ya shiga mota ya sayo a kasuwar Gusau, Indo ta dafa.

Gwaggo ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye cokali.

"Wannan ba ta tafkinmu ba ce."

Arzika ya sunkuyar da kai. "Sun ƙare, Gwaggo. Ki yafe mini."

"Na yafe maka tuntuni," ta ce a hankali. "Ɗauke, ka kai wa Indo ta sha."

Bayan kwana shida Allah ya yi mata rasuwa.

Darasi: Abin da aka daɗe ana renonsa, gaggawa kan ƙarar da shi, kuma nadama ba ta dawo da shi. In babba ya ce ka dakata, tambaye shi dalili kafin ka yi masa dariya. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu noma da kiwo, ko Allah zai sa wani ya tsaya tun da sauran lokaci.