Wutsiyar da Gerrit Bai Ɗaure Ba

Gerrit Vosloo makiyayin tumaki ne a busasshen yankin Karoo, mutumin kirki, sai dai gaggawa ta yi masa katutu. Ko kofi ba ya bari ya huce. Abu ɗaya ya taɓa yi a natse, shi ne ɗan ƙaramin jirgin saman da ya yi shekaru yana ƙerawa a rumfar askin tumaki.

Don matarsa Elsabe ya ƙera shi. A wata gona bayan duwatsu aka haife ta, yanzu gonar ta zama kango, hanyar ma ta mutu. Ga idanunta sun fara dushewa, likita ya ce ba za su daɗe ba. Kullum da yamma tana baranda, ta zuba wa duwatsun nan ido.

"In dai ga rufin gidanmu da itacen ɓauren mahaifiyata," takan ce, "ko daga sama ne."

Ranar da aka ba jirgin izinin ɗaukar fasinja, Gerrit ya sauka da shi a filin bayan gida cike da ɗoki. Jirgi irin wannan ba shi da wani nauyi. Sai an juya hancinsa ya fuskanci iska, an kafa turaku, an ɗaure fikafikan da wutsiya tamau. Shi kuwa gogan naka fikafikan kawai ya ɗaure, ya jefar da guduma.

"Tsoho, wutsiyar fa?" in ji maƙwabcinsa Koos.

"Kai Koos, ka cika mita! Dubi sama, ko gajimare babu. Gobe da sassafe za mu tashi."

"Da kai iskar take shawara? Juya masa hanci mana."

"Bar ni in yi wa Elsabe albishir tukuna!"

Tana cikin goge rigarta ta coci don tafiyar, iskar la'asar ta taso ta bayan jirgin. Iskar ta ɗaga wutsiya, ta tumɓuke turakun, ta maka shi da ƙasa. Fiffike ɗaya ya karye rugu-rugu.

Wayyo, gyara ya ci lokaci! A jira katako, a jira sanyi ya wuce don gam ya kama. Kafin ya gama, idanun Elsabe sun rufe gaba ɗaya.

Duk da haka ya ɗauke ta. Suna tsallake duwatsu ya hango jan rufi, ga ɓauren nan kore shar.

"Mun iso?" ta tambaya, ta juya fuskarta ga taga.

"Mun iso."

"To gaya mini abin da kake gani. A hankali, Gerrit. Yau kam kada ka yi sauri."

Mai karatu, aiki bai ƙare ba sai an ɗaure igiyar ƙarshe. Ɗan lokacin da gaggawa ta hana ka bayarwa yana iya cinye wahalar shekaru, kuma sau da yawa wanda ka fi ƙauna ne zai yi asarar.