Tulun Hawayen Yarima Nikandar

Sabi'u, Raliya, ku matso nan ku zauna. Sau ɗaya zan faɗa.

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a ƙasar Yunanawa ta bakin teku, inda kowane birni ke da sarkinsa da dokarsa, an yi Sarki Telandar na birnin Arkisa, birnin da ba shi da ganuwa, domin mutanensa sun ce ƙirjin mazajensu ya ishe su. Al'adarsu ita ce da yaro ya cika shekara bakwai sai a raba shi da uwarsa, a aske masa kai, a kai shi gidan horon mayaƙa, ya yi yawo ba takalmi, da riga ɗaya a shekara, kuma kada a kuskura a ga hawayensa.

To, ɗansa tilo, Yarima Nikandar, ya shekara a can yana kukan uwarsa, har dattawan majalisa suka fara ƙus-ƙus. Kunya ta kai sarki kan dutse, wurin aljanar da ke gadin maɓuɓɓuga. Ya ce, "Ya ma'abociyar wannan ruwa, ki cire wa ɗana hawaye, kada ya rasa gadon sarautata."

Aljana ta ce, "Ya kai sarki, ga tulu. Muddin bakinsa na liƙe da kakin zuma, hawayen ɗanka a ciki za su taru. Amma ka sani, abin da ke kawo hawayen ma zai bi su."

Sarki bai tsaya tambaya ba. Yarima ya girma ya zama gwarzo, a tsere da kokawa da jifan mashi ba mai ja da shi. Ranar da ciwon ajali ya kama uwarsa Sarauniya, ta aika a kira shi, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ta miƙo hannu, ya ce, "Idan kin gama magana, ana jirana a fili." Kafin ya isa filin ta cika.

Sarki ya yi nadama, amma tulun ya yi nauyin da ƙarti goma suka kasa ɗagawa. Sai Gimbiya Melanti ta birnin da ke maƙwabtaka, inda ake koya wa yara karatu da waƙa a gindin zaitun, ta zo ta zauna kusa da tulun tana rera waƙar renon da ta koya daga kuyangin Sarauniya, har kakin ya narke. Yarima ya yar da mashi, ya kwana bakwai a kan kabari yana kiran uwarsa. Aka ɗaura musu aure da Gimbiya, aka sassauta dokar, birni ya zauna lafiya. Amma matacciya ba ta ji kiran ba.

Ni ma na liƙe tulu. Yayanku Lawwali yana ɗan shekara bakwai na tura shi riƙo garin kawunsa, ya riƙe mini zane yana kuka, na doke hannun. Yau gaisuwar baƙo yake mini.

Kai Sabi'u, ka dage sai ka kai ɗanka Jazuli makarantar kwana bana, wai ya zama namiji. Uwarsa ta daina cin abinci. Ke Raliya kin zuba ido kamar ba ɗan ɗan'uwanki ba ne. Ku kira Lawwali, ku tambaye shi abin da ni na kasa tambayarsa, sa'an nan ku kashe maganar nan ina raye.