Ɗakin Awakin Inna Tasalla

Ku gyara zama, ga wata magana da nake so ku taya ni aunawa. Sai dai ku bari in kai ƙarshe kafin kowa ya ɗauki ɓangare.

A wani ƙauye kusa da Ringim akwai wata dattijuwa, Inna Tasalla, wadda aka sani da kiwon awaki. Asalinsu akuya ɗaya ce da mahaifiyarta ta ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji, sauran duk daga ita suka fito. Inna ba ta sayar da uwa, ba ta sayar da mai ciki. Bunsuru kaɗai take fitarwa, shi ma sai ta raka shi har bakin zaure tana ja wa mai saye kunne.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta, hannunta na dama ya daina aiki. 'Ya'yanta uku suka ɗauko ta zuwa Kaduna. Babbarsu Sa'adatu, malamar makarantar sakandare, a gidanta Inna ta zauna. Mai bi mata Nafi'u, direban babbar mota. Autarsu Bara'atu, tela ce, tana goyo a lokacin. Da suka ga babu mai kula da awakin a ƙauye sai suka sayar da su, suka ce wa Inna an kai su kiwo ne. Ba ta yi musu gardama ba, amma ta gane. Akuya ɗaya ce ta tsira, Kyalla, domin tun kafin ciwon tana kiwo a wurin ƙanwar Inna.

Daga nan Inna ta juya fuska bango. Likitar da ke yi mata gashi ta ce hannun zai iya dawowa idan ana motsa shi kullum, idan kuwa aka bar shi zai ƙage ke nan. Aka kawo ƙwallon roba ta riƙa matsawa, ta ce ita ba yarinya ba ce. Aka kawo wake ta tsince, ta ture faifan.

Bara'atu ce ta zo da wata faffaɗar waya, ta sa mata wasan gona da ita kanta ta daɗe tana yi. A wasan mutum yana da gonarsa, yana shuka yana girbi, yana kiwon dabbobi, rani da damina suna juyawa. Masu wasa suna iya zama maƙwabta, su aika wa juna kaya ko dabba. Inna ta kalli allon ta taɓe baki.

"Akuyar da ba ta wari, ba ta cin zanen mutum a igiya? Ɗauke abinki, Auta."

Amma cikin awakin wasan akwai wata ja mai farin ɗamara a ciki, tana tsaye gaban komin da babu komai, tana kuka. Ana ba su abinci ne ta hanyar jan harawa da yatsa zuwa komi. Bara'atu ta ce ta ja da hagu tunda shi ne mai lafiya. Inna ta harare ta, ta ce tunda take ba ta taɓa miƙa wa mai rai abinci da hagu ba. Ta ɗago hannun daman da ƙyar, yana rawa, ta ja harawar har ta isa. Tun daga ranar, da ta idar da sallar asuba sai ta nemi wayar. Ta raɗa wa kowace akuya sunan wadda aka sayar. Likita ta ga yatsun sun fara buɗewa, ta ce kada a raba ta da abin nan.

Matsalar ita ce Inna tana wasan ne yadda ta saba kiwo. Wasan yana so idan dabbobi sun yi yawa a sayar da wasu, ita kuwa ba ta sayar da uwa. Awaki suka yi ta haihuwa har 'yar rumfar karan da aka fara da ita ta cika, wasu suna kwana a waje. Wata safiya jan rubutu ya fito da Turanci, Sa'adatu ta karanta mata. Daminar wasan ta kusa. Duk akuyar da ruwa ya samu ba ta ƙarƙashin rufi za ta kamu da ciwo, wasan ya ɗauke ta. Mafita ita ce a sayar da rarar, ko a rushe rumfar a gina ɗakin awaki mai rufin kwano. Ginin yana buƙatar katako da dutse masu yawa, sai an kwashe awakin kaf daga wurin kafin a fara, sannan a kafa ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta kifa wayar a kan katifa, ta ce, "To, waɗannan ma za a kai su kiwo ke nan."

Duk su ukun sun ji inda maganar ta nufa. Sun kuma san idan awakin nan suka tafi ba za ta sake ɗaga hannun ba.

Nafi'u shi ne ya fi kowa yi wa wasan dariya, yana cewa an mayar da uwarsu 'yar firamare. Gonar Inna ba ta da daji ba ta da tsauni, domin duk ta mayar da ita filin harawa. Sai ya sa wasan a wayarsa, ya buɗe gona, bai shuka ko ƙwaya ɗaya ba. A layin lodi, lokacin da sauran direbobi ke shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota su huta, shi yana zaune yana sare itace da babban yatsa, yana fasa dutse. Suka sa masa suna Sarkin Noma, ya ƙyale su. Gatarin wasan ya dakushe, ya gyara, ya ci gaba. Inda babu sabis a hanya yakan taka zuwa kan tudu don kayan su tafi. Sai da ya mayar da gonarsa fili fetal, babu bishiya ko ɗaya, sannan katako da dutse da ƙusa suka cika a gonar Inna. Ba don shi ba, da babu abin da za a yi ginin da shi.

Kaya sun samu, amma awaki suna cikin rumfa, kuma Inna ta ce ko ɗaya ba za ta bar gonarta ba. An gaya mata maƙwabciya ce a wasan kawai za ta riƙe su, ta ce ta taɓa jin irin wannan. Bara'atu tana da gona mai kyau a wasan, da shanun madara da ta daɗe tana tarawa, su ne abin da take hutawa da shi idan ta tashi daga kan keken ɗinki. Ta sayar da su duka don wurin ya zama fanko. Sannan ta yi wanka, ta saɓa goyonta, ta sayi goro, ta zo ta durƙusa a gaban Inna kamar baƙuwa.

"Inna, kiwo na zo roƙo. Ina da wuri, ba ni da dabba."

Inna ta ce, "Ke da ko kaza ba ki taɓa riƙewa ba?"

"A gwada ni."

"Bisa wane sharaɗi?"

"Yadda ake yi a gida. Haihuwar fari taki, ta biyu tawa. Kuma duk ranar da kika ce a dawo da su, a ranar za su dawo."

Inna ta sa aka kira maƙwabciyarsu ta zama shaida, aka raba goron, sannan ta tura awakin ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunayensu. Tun daga nan kullum da safe Bara'atu takan hau adaidaita ta zo ta buɗe gonarta a gaban Inna, Inna ta duba kowace, ta yi faɗan an bar komi da datti. Ɗinkin mutane ya yi ta jira. Ba don ita ba, da rumfar ba ta zama fanko ba, katakon Nafi'u ya zauna a banza.

Saura kafa ginshiƙai. Wannan aikin hannu biyu yake so a lokaci ɗaya: yatsan hagu ya riƙe ginshiƙi a tsaye, na dama ya buga guduma daidai lokacin da ta ɗaga. Inna ta gwada, hannun ya makara, ginshiƙi ya faɗi. Ta sake, ya sake faɗuwa. Ta ture wayar, ta kwana biyu ba ta taɓa ta ba, ga gajimare ya fara haɗuwa a saman allon. Nafi'u ya bugo waya daga hanya.

"Yaya, ki ɗauka ki buga mata idan ta yi barcin rana. Ai ba za ta sani ba."

Sa'adatu ta ce, "Haka muka ce wancan karon."

Ta san halin uwarta. Ɗakin da aka gina mata a ɓoye ba za ta sa akuyarta a ciki ba. Ku tuna kuma Sa'adatu 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "waccan", ba sa haɗa ido, ba sa zama shimfiɗa ɗaya. Ko a jinyar nan Bara'atu ce ke yi mata wanka. Duk da haka Sa'adatu ta roƙi a mayar da darussanta na safe zuwa rana, ta zo ta zauna a bakin katifar, ta ɗora wayar a cinyarta, ta tallafi gwiwar hannun Inna da tafinta. Inna ta janye. Washegari ta sake zama, Inna ta ce, "Ke ba ki da wurin zuwa ne?" amma ba ta janye ba. Sa'adatu ba ta taɓa allon ko sau ɗaya ba. Tana dai riƙe da hannun, idan guduma ta ɗaga ta ce, "Yanzu." Wata rana ginshiƙi ɗaya ake samu, wata rana ko ɗaya. Ana cikin haka ta riƙa sassauta riƙon kaɗan kaɗan ba tare da ta faɗa ba. Ginshiƙin ƙarshe Inna ita kaɗai ta buga shi, hannun Sa'adatu yana kan cinyarta. Ba don ita ba, da kaya da filin suna nan, ginin bai tashi ba.

Rufin kwano ya hau. Inna ta ce a dawo mata da awakinta, Bara'atu ta dawo da su a ranar, har da 'ya'yan da suka haifa a wurinta. Inna ta ware na mai kiwo ta mayar mata, kamar yadda aka yi sharaɗi. Da ruwan farko ya sauka a wasan, duk suna ciki suna tuƙa. Inna ta ƙara sautin wayar don ta ji ƙarar ruwa a kan kwano. A ranar ta ci tuwo da hannun dama, ana gani.

Ba a daɗe ba ƙanwar Inna ta aiko daga ƙauye cewa ƙafa ta gaza, a zo a ɗauki Kyalla. Inna ta tara su ukun. Ta ce ita dai kiwon gaske ya wuce ta, na waya ya ishe ta. Kyalla ce ƙarshen abin da uwarta ta ba ta, za ta miƙa ta ga wanda ya fi tsaya wa awakinta a cikinsu, kuma daga ranar gidan awakin ya koma hannunsa. Akuya ɗaya ce, ba a raba ta, ba kuma za ta yarda a ce ta kowa da kowa ce ba, domin dabbar da ba ta da mai ita ɗaya da yunwa take kwana.

Kowa a cikinsu yana so. Nafi'u ya ce shi ya yi aikin da ya fi tsawo, a kan abin da ba ya ƙauna, mutane suna yi masa dariya. Bara'atu ta ce ai zaman jiran lodi yake yi dama, ita kuwa shanunta ta rasa, kuma ita ta dawo da yardar da su duka suka ɓata. Nafi'u ya ce an biya ta ladan kiwonta, shi ko bishiya ba a bar masa ba. Sa'adatu kuwa sai da aka matsa ta ce ita hannu kawai ta riƙe. Bara'atu ta ce to ai Yaya ba ta rasa komai nata ba. Nafi'u ya ce gaskiya dai hannun ne ake nema tun farko, ba ɗakin ba, amma ba don katakonsa ba da me hannun zai buga?

Inna ta saurare su duka tana shafa jar akuyar nan a allo da yatsanta na dama. Ta ce a ba ta lokaci. Har yanzu Kyalla tana ɗaure a turke a ƙauye, ana jiran a faɗi wanda zai je ya kwance ta.

To, ku da kuka ji yadda aka yi: tsakanin wanda ya kawo kayan gini, da wadda ta karɓi kiwo, da wadda ta riƙe hannu, wa Inna Tasalla za ta miƙa wa igiyar Kyalla?